Mai Doki a Ƙasa

Akwai mutanen da ko hula za su sa sai sun fara lissafin waɗanda za su gan ta. Ina cikinsu, kuma ba a sahun baya ba. Ba na shan taba, ba na caca, ba na cin bashi in ƙi biya, amma da za a ce yau babu mai kallona, Allah ya yafe mini, da yawa daga cikin kyawawan halayena hutu za su tafi. Idon jama'a ne ubangidana. Na daɗe da sanin haka, ina ta lallaɓa abina da sunaye masu daɗi: yau in ce mutunci ne, gobe in ce kamun kai, jibi in ce gidanmu ba a saba da wargi ba. Wanda ya zo ya tona mini asiri ko magana ba ya yi. Tsohon doki ne mai ɗingishi.

Akawal ne, baƙi wuluk a zamaninsa. Marigayi mahaifina ya sayo shi yana duƙushi a kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar. Yanzu ya ba shekara 20 baya. Furfura ta fito masa a gira da gefen hanci, saman idanunsa ya faɗa har babban yatsa na iya shiga, leɓensa na ƙasa ya saki, in yana gyangyaɗi sai ka ga yana reto. Gadon bayansa ya lotsa daidai inda sirdi ya shekara yana zama. Doki kan kai shekara 25 zuwa 30 in ya samu kulawa, kun ga namu ya shiga sahun dattawa ke nan. Tare da shi na gaji turke da sirdi da likkafa, na kuma gaji Baba, wanda ke yi wa mahaifina aikin barga tun ban san damana da haguna ba, kuma har gobe kallon yaron da ya taɓa ɗorawa a sirdi yake yi mini.

Ni ba ɗan sarauta ba ne. Duk Sallah dai ina cikin tawagar hakiminmu, can wajen tsakiya, inda maroƙa ba sa ɓata numfashinsu. Amma ranar Hawan Daushe, in muka doshi Ƙofar Kudu, a zuciyata duk dubban mutanen nan saboda ni suka bar gidajensu. Da hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamban 2024, sai da na yi kwanaki ina karɓar barka daga mutanen da ba su ma yi mini ita ba. In zan faɗi tsakani da Allah, babban abin da nake so a jikin doki shi ne tsawon da yake ƙara mini.

Ranar da abin ya faru mun fita kilisa da yamma wani fili mai zurfin yashi a bayan gari. Samari sun cika wurin da dogayen dawakinsu 'yan Sudan, suna sukuwa suna zamiya, wasu sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Tun a gida Baba ya ce, “Alhaji ƙarami, a bi shi a sannu, tsoho ba ya wasan yara.” Na ce to. Ina ganin wayoyin nan “to” ɗin ta bi iska. Na zungure shi da ƙaimi, shi kuwa ya ba ni duk abin da ya rage masa, don akawal bai taɓa yi mini rowa ba. Muna isowa gaban 'yan kallo na ja linzami da ƙarfi don ya zame ya ta da ƙura. Ya zame. Na kuma ji sarai lokacin da ƙafarsa ta gaba ta hagu ta nutse a yashin ta fito ba yadda ta shiga ba. Mai hankali a nan zai dira ya duba ƙafa. Ni masu wayoyi na duba. Na gyara zama, na ɗaga hannu na yi jinjina, na taho a kansa har gida yana ɗingishi, ina fatan a ɗauka wani sabon salon taƙama ne.

Da gari ya waye bayan ƙwaurin ya kumbura ya yi tozo, tsakanin gwiwa da gaɓar da ke saman kofato, in ka ɗora hannu zafi rau. Kafin hantsi gidana ya cika da masana. Wannan ya ce a yi masa lalas da jan ƙarfe, haka kakanni suka yi. Wancan ya ce man shanu da kanwa. Wani ya ce a kira maɗori, wani kuma ya ja ni gefe ya ce in rabu da shi tun yana da sauran kuɗi. Yawancinsu ko jaki ba su taɓa ɗaurewa ba, amma dokin mai baki ya fi gudu. Na saurari kowa da natsuwa, ina kaɗa kai, domin ko a wannan hali abin da ya fi damuna shi ne a ga na san abin da nake yi.

Likitan dabbobin da ya zo yaro ne, sa'an autanmu. Ya aske gashin wurin, ya shafa wani mai, ya ɗora na'urar sikanin irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Ya nuna mini layuka farare a jere, a tsakiyarsu kuma wani baƙin gurbi. Ya ce, “Alhaji, ka ga nan? Nan jijiyar ta yage.” Ya yi mini bayani cewa daga gwiwar doki zuwa kofato babu tsoka, daga ƙashi sai jijiya sai fata. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa ƙafafun gaba ne ke ɗauka, kuma a cikin sukuwa akwai lokacin da nauyinsa da na mahayi duka ke sauka a kan ƙafa ɗaya. Shekaru na rage wa jijiya ƙwari, zurfin yashi kuma na ƙara mata aiki. Ya ce in ɗauka igiyar rama ce da wasu zaruruwan cikinta suka tsintsinke. Jiki zai cike gurbin da tabo, amma sabon zaren a cukurkuɗe yake fitowa, kuma abin da ke miƙar da shi ya jeru da 'yan'uwansa shi ne ja kaɗan-kaɗan, kullum, ba fashi. In an bar doki a turke wata da watanni tabon ya warke a dunƙule ba ƙarfi. In an yi gaggawa ya sake yagewa a gefen tabon. Lalas kuwa, ya ce, ƙona fata kawai yake yi, ba ya ɗinke jijiya.

Sai ya rubuta magani. Makonni biyun farko hutu a turke, a riƙa kwarara wa ƙafar ruwan sanyi na minti 20 sau biyu ko uku a rana, a naɗe ƙafafun gaba biyu da bandeji, ga maganin zafi. Daga nan sai tafiya a hannu, ba sirdi ba mahayi: minti 5 zuwa 10 safe da yamma, ana ƙarawa sannu a hankali har ta kai minti 40 cikin wata 3. A miƙaƙƙiyar hanya mai tauri, ba yashi, ba kewaye-kewaye. Sassarfa sai an sake hoto ya ga dama. Jijiya irin wannan, ya ce, takan ɗauki wata 9 zuwa 12, a tsohon doki ma fiye. Ya ƙara da jan kunne: ɗingishin zai ɓace cikin 'yan makonni, tun jijiyar ba ta yi rabin warkewa ba, kuma a daidai nan ne masu dawaki ke kashe dawakinsu.

Na so a ce wata allura ya ambata mai tsada wadda sai an aiko da ita daga Ingila. Da na sayar da fili na saya, in kuma tabbatar kowa ya ji nawa na kashe. Sai ga shi ya rubuta mini abin da ba a saye da ko sisi, wanda kuma ya fi ƙarfina. Gwiwoyin Baba sun daɗe da yin murabus, 'ya'yana manya suna makaranta. Ma'ana ni, mai rawani da alkyabbar aro, ni zan riƙe ragama in ratsa unguwa a ƙasa, doki na bina a baya.

Wanda bai taso cikin harkar ba zai ce mene ne abin kunya a ciki. A wurinmu mai doki a sama yake, mai jan doki kuwa ɗan barga ne ko zagi. Safiyar farko da na gwada, ban wuce majalisar bakin titi ba wani ya ɗaga murya, “Alhaji, mai ne ya ƙare?” Wani ya karɓe, “A'a, faci ya yi.” Mai shayi ya ce in tsaya ya kira yara su tura. Na yi dariya tare da su, irin dariyar da haƙora kaɗai ke yi, na juya akalar tafiyata tun minti biyar ɗin likita ba su cika ba. Da na shiga gida na ce wa Baba dokin ne ya gaji.

Daga nan na shiga dabaru, kuma da na sa rabin basirar da na kashe a kansu cikin sana'ata da yanzu na yi gidan sama. Na fara da ɗaukar wani yaro ina biyansa. Kwana kaɗan ƙafar ta sake ɗumi. Ashe da zarar ya sha kwana sai ya ɗare bayan dokin, hawan ƙawara, ya je yana burge sa'o'insa. Na yi masa faɗa sosai a kan son a gani, Baba na gefe yana kallon sama.

Sai na koma fita kafin kiran assalatu, na naɗe fuska da rawani sai idanu. Hakan ya yi mini daɗi har daren da 'yan sintirin unguwa suka haske ni da tocila. “Kai! Tsaya nan! Ina za ka da dokin Alhaji?” Na ce ni ne Alhajin. Suka ce ƙarya nake, Alhaji ba ya tafiya a ƙasa. Sai da na warware rawani a tsakiyar titi kafin suka sauke gorori. Kafin a idar da sallar asuba labari ya riga ni masallaci, har an yi masa ƙari cewa na yi yunƙurin gudu.

Dabara ta gaba ita ce kewaya tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa gindin darbejiya a dawo. Da likita ya zo bai tambaye ni komai ba, ƙasa kawai ya kalla, ya ga zoben da sawunmu ya zana. Ya ce kewaye a ƙaramin wuri na karkatar da nauyi gefe ɗaya na ƙafar, abin da ya hana ke nan tun farko. Uwargida, wadda muka tattake wa shanya ba sau ɗaya ba, ta leƙo ta ce, “Alhaji, in dai kunyar 'yan majalisa ce, ai na ga su ma a ƙasa suke tafiya.”

Mafi munin dabarun ita ce wadda ta yi kama da ƙauna. Duk ranar da na tsallake tafiya sai zuciyata ta dame ni, sai in biya diyya da gero. Likita ya ce a janye hatsi kusan gaba ɗaya tun da dokin ba ya aiki, a riƙe shi da harawa da ingirici, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, wato wajen kilo 7 ga doki mai kilo 350, da ruwa mai tsabta ba yankewa. Ni kuwa in Baba ya tafi masallaci sai in lallaɓa da kwano. Akawal ya yi ƙiba, gashinsa ya yi sheƙi, masu zuwa dubiya suna cewa, “Kai, Alhaji ya iya kiwo.” Wannan kalma kuwa ita nake nema. Ban tsaya na tuna cewa Allah ya halicci doki ne don ya wuni yana tafiya yana tsinkar ciyawa, sa'o'i 16 ko kusa da haka in an sake shi a daji. Tumbinsa ƙarami ne, ba ya iya amai, kuma hanjinsa da motsin ƙafafunsa suke aiki. Na haɗa masa abu biyun da suka fi kawo wa doki ciwon ciki: tsayuwa wuri ɗaya da hatsi mai yawa.

Wata ranar bayan la'asar ya ƙi taɓa harawa. Ya fara tona ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, gumi na tsattsafo masa a wuya, yana neman durƙushewa ya yi birgima. Na kira likita hannuna na rawa. Ya ce a ɗauke abinci daga gabansa, a riƙa tafiya da shi a hankali kada ya fyaɗa kansa da ƙasa, ga shi nan zuwa. Ban san lokacin da na kwance shi na fita ba. Sai da na kai tsakiyar titi na lura daga ni sai singileti, ba hula, takalmin ma ƙafa ɗaya nawa ƙafa ɗaya na uwargida. Majalisa a cike take. Babu wanda ya yi maganar faci. Mai shayi ya bar tukunyarsa ya kore yara daga hanya, mai tambayar mai ya hau babur ya je ya taro likita a bakin titi, wani dattijo ya bi mu yana ta “sannu, sannu” ban san ko da ni yake ko da dokin ba. Likita ya yi masa allura, ya zura masa roba ta hanci har ciki ya ɗura ruwa da magani. Can cikin dare akawal ya ɗaga wutsiya ya yi kashi, kuma ban taɓa tsammanin akwai ranar da zan tsaya a kan kashin doki ina hamdala da ƙarfi ba.

Kafin ya tafi likita ya wanke ni tas, cikin ladabi, wanda ya fi zafi. Ya ce ƙibar da na tara wa dokin ƙafar mai ciwo ce ke ɗaukarta, mai lafiyar ma tana cikin haɗari. Doki in ya daɗe yana jingina nauyinsa a ƙafa ɗaya, ko ya ci hatsi ya wuce kima, naman da ke riƙe ƙashi a cikin kofato na iya kumbura ya saki. Ya ba ni labarin Barbaro, dokin Amurka da ya lashe babbar gasar sukuwa ta Kentaki a 2006, ya karya ƙafar baya ta dama makonni biyu bayan nan. An yi masa aikin da kuɗi ke iya yi, ƙashin ma ya kama hanyar haɗewa, amma wannan ciwon kofato ya kama ɗaya ƙafar, daga baya ya kai na gaba, a watan Janairun 2007 dole aka hutar da shi. Ya ce, “Alhaji, su da suke da komai ke nan. Kai abin da kake da shi ƙafafunka ne da safiya.”

A irin labaran da ake ba yara, a nan ne mutum ke shiryuwa. Ni washegari kunyata ta dawo aiki a kan lokaci. Abin da ya canza shi ne tsoro ya fi ta nauyi, don haka na riƙa fita, amma da shiri. Sai na sa riga mai guga da hula mai kari. Sai na kara waya a kunne in zan wuce majalisa, ina “to, to, a turo takardun,” alhali babu kowa a layin. Na samo wata hanyar burji miƙaƙƙiya a bayan makarantar firamare, na ce wa likita saboda taurinta na zaɓe ta. Gaskiya ne tana da tauri. Gaskiya ne kuma babu wanda na sani a can.

Babbar jarrabawa ta zo da azumi. Kamar yadda likita ya faɗa, ɗingishi ya ɓace, kumburi ya sauka, akawal na tafiya garau har yana haniniya in ya jiyo goɗiya. Aka fara shanya kayan hawa a gidajen maƙwabta, aka aiko daga gidan hakimi ana tambayar masu fita. Na fara yi wa kaina fatawa: ai hawa tafiya ce kawai, ai ba zan yi jafi ba, ai likita yaro ne, littafi ya sani bai san akawal ba. Abin da ke ƙasan duk wannan shi ne kada a ce wane bai hau ba bana, ko lafiya, ko karayar arziki ce. Ana jibi Sallah na fito da sirdi. Na nemi majayi sama da ƙasa ban gani ba. Baba na zaune a kan buhun dusa yana jan carbi. Na ce, “Baba, ina majayi?” Ya ce, “Ɓera ya ja.” Majayin fata mai tsawon gaba guda. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce, “Alhaji ƙarami, mahaifinka ya bar mini amanar ku biyu. In ɗaya ya ƙi jin magana, sai in tsare ɗayan.” Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, “Sarki ma da kake gani yana da dawakin da ba a hawa. Ja ake yi, kuma sun fi naka ado.”

Dawakin zage yake nufi, waɗanda ake yi wa kwalliya a ja su a hannu cikin tawagar sarki ba kowa a kansu. Na sha ganinsu ban taɓa sa su a lissafi ba. Na je na bincika, na tarar littafin tarihin sarakunan Kano ya lissafa su cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya fara. Nan take ciwona ya samu magani irin nasa. Abin da likita ya kasa da na'urarsa, uwargida ta kasa da gatsenta, ciwon ciki ya yi rabi ya bari, sunan Rumfa ya ƙarasa shi a yini ɗaya. Tun daga ranar duk wanda ya tambaye ni ko mai ne ya ƙare, sai in tsaya in karanta masa tarihin ƙarni na 15 har ya yi da-na-sanin tambaya. An ce girman kai rawanin tsiya. Nawa ban cire shi ba, naɗin kawai na sauya.

Hawan Daushen shekarar a ƙasa na kalle shi, cikin turmutsutsu, akawal na gida. Daga sama fuskokin mutane ake gani. Daga ƙasa kuwa, idona da ya saba da shafa ƙwauri kullum sai ya riƙa sauka ƙarƙashin jalala da tunjimi. Na ga jijiyoyin da suka yi tozo suka warke a haka, na ga tabon lalas layi-layi, na ga kofatan da suka yi tsawo suka baje har dunduniya ta kwanta, na ga tsofaffin dawaki ɗauke da ƙattin mutane da kaya masu nauyi tun azahar. Mahayan duk suna ɗaga hannu suna jinjina. Na san abin da ke ran kowannensu, don na taɓa zama a wurin.

Yanzu an haura shekara. Hoton ƙarshe ya nuna baƙin gurbin ya cike, layukan sun jeru, ko da yake wurin ya fi ɗan'uwansa kauri kuma haka zai zauna. Sukuwa da zamiya sun ƙare masa har abada. Amma tafiya ba ta ƙare ba, domin tsohon doki in ya tsaya gaɓoɓinsa ke sandarewa, ƙafafunsa su tara ruwa, naman bayansa ya zube. Kowace safiya kafin mu fita nakan tsuguna in shafa bayan ƙwaurinsa biyu da tafin hannu, in gwada ɗumin wannan da na wancan. In na ji bambanci, ranar gajeriyar tafiya ce da ruwan sanyi. Mintuna goman farko a ƙage yake takawa, sai jiki ya yi ɗumi ya saki, sannan mu ɗan taɓa sassarfa a miƙe inda ƙasa ta yi daidai. Da bazara mukan fita tun rana ba ta yi ƙarfi ba, da damina mu kauce wa laka mai santsi, da hunturu mu tsawaita tafiyar farko. Mai gyaran kofato na zuwa duk mako 6 zuwa 8, saboda dogon kofato jan jijiya yake yi. An goge masa kaifin haƙoran da ke yankar kumatunsa, dusarsa kuma jiƙa ta ake yi. Ƙaramar 'yata, wadda ba ta kai nauyin sirdin hawa da kayansa ba, ita ce mahayinsa ranar Asabar, ni ina riƙe da ragama. Tsohon doki sai mai shi.

Kada mai karatu ya ɗauka na warke. Yanzu ta gaban majalisa nake bi da gangan, kuma duk wanda dabbarsa ta yi ɗingishi a unguwa, ko akuya ce, ni ake kira, ni kuma ba na cewa ban sani ba. Kwanan baya na je asibiti a kan hawan jini, likitan mutane ya ce nauyina ya ragu, in ci gaba da duk abin da nake yi, tafiyar minti 30 kullum kada in fasa. Na ce masa ai ni mutum ne mai kula da lafiyarsa. Ban gaya masa cewa ranar da akawal ke hutu ni ma ba na fita ba. Mutum kamata ya kama hanya a ƙasa shi kaɗai, ba doki a bayansa, ai kafin azahar an ce na sayar da mota. Baba ya ce dokin nan in an ci gaba da bi da shi haka zai iya ƙara shekaru masu dama. Ina roƙon Allah ya sa haka. Amma saboda halin rayuwa, na fara tambayar dillalai a asirce ko akwai mai gurgun doki na sayarwa.